Amsa: hoto na tsalle, murya kuma ta rabu da baki wajen juye kaset zuwa kwamfuta

Malam, na ga tambayarka. Ka ce kana juye tsofaffin kaset ɗin bidiyo zuwa kwamfuta ta 'yar na'urar nan ta USB da manhajar ɗaukar bidiyo ta OBS, hoton yana katsewa, kuma bayan kamar rabin awa sai murya ta rabu da motsin baki. Na sha wannan wahalar watanni kafin na gane inda gizo ke saƙar. Har na'ura na canza, na zaci tawa ce ta lalace, ashe laifin a wajena yake.

Kuskuren da na yi shi ne haɗa aiki biyu a lokaci guda: ɗauka da matsewa (wato rage girman fayil ɗin bidiyon). Kaset ba ya jiran kowa. Idan na tsarin talabijin na PAL ne, firam 25 (wato hotuna ɗai-ɗai 25) yake turowa kowace daƙiƙa, ko kwamfuta ta shirya ko ba ta shirya ba. In ta shagala da matse hoton zuwa tsarin bidiyo na H.264 da saiti mai nauyi, firam ɗin da ya iso ba ta karɓa ba ya tafi ke nan. Murya kuwa ba ta da nauyi, ita tana shiga cif. Yi lissafi: firam ɗaya kacal ya faɗi a kowane minti, cikin minti 30 ka rasa firam 30, wato daƙiƙa 1.2. Ga rabuwar da kake gani. Shi ya sa nake tambayar mutum ko tazarar tana nan daram tun daga farko, ko ƙaruwa take yi. In daram take, matsar da muryar kawai za ka yi a manhajar tacewa. In tana ƙaruwa kamar taka, wani abu ne ke zubewa a hanya.

Kafin ka taɓa komai, buɗe tagar Stats a OBS ka bar ta a buɗe kana ɗauka. Za ta nuna maka firam nawa suka faɗi saboda matsewa ta gaza, nawa kuma saboda katin hoto ya makara. In matsewa ce, mayar da saitin x264, mai matse hoton a OBS, zuwa veryfast ko ultrafast, ko ka miƙa aikin ga katin hoto: NVENC in kana da Nvidia, Quick Sync in Intel ce. Ni dai daga baya na daina matsewa a lokacin ɗauka gaba ɗaya. Da manhajar VirtualDub nake ɗauka, da kodek (tsarin ajiye bidiyo) ɗin da ba ya zubar da komai kamar Lagarith ko Huffyuv. Fayil ɗin yana da girma sosai, gigabait gommai a awa ɗaya, kada ka tsorata, na wucin gadi ne. Sai da daddare in saka shi a manhajar HandBrake ya matse a natse, ko awa nawa zai ɗauka babu firam ɗin da zai ɓace.

A nan akwai wani tarko. In kana ajiyewa a faifan waje da aka tsara da FAT32, fayil ba zai wuce gigabait 4 ba, ɗaukar za ta tsaya ko ta lalace. Faifan da aka tsara da NTFS ko exFAT kake buƙata. Kuma kada na'urar ɗauka da faifan su raba mahaɗar USB guda, soka na'urar kai tsaye a jikin kwamfuta.

Sai batun murya. Ta ina take shiga? Mutane da yawa suna saka hoto ta USB, murya kuma ta ramin sauti na kwamfutar. Na'urori biyu ke nan, kowacce da agogonta, kuma ba sa taɓa tafiya daidai. Saka jar waya da farar duka a jikin na'urar ɗauka. Ka kuma tabbatar Windows da OBS duk saitin muryarsu yana kan 48 kHz, ba ɗaya 44.1 ɗaya 48 ba.

Duba girman hoton ma. PAL 720x576 ne a firam 25, NTSC kuma, ɗaya tsarin talabijin ɗin, 720x480 a 29.97. In ka zaɓi wanda ba shi ba, hoton kan fito baƙi da fari ko ya riƙa birgima. Na ga masu ɗaukar kaset a girman 1080 wai don ya yi kyau. Wahalar da kwamfuta ne kawai, abin da babu a kaset ba zai fito ba. Layukan nan masu kama da haƙoran matsefi a gefen abu mai motsi kuma ba lalacewa ba ce, haka tsohon bidiyo yake, rabi-rabi ake saƙa hotonsa. Kunna Yadif, saitin da ke haɗe layukan, a HandBrake za su tafi, ingancin kuma ka bar shi tsakanin RF 18 da 20.

In har za ka zauna a OBS, ɗauka a nau'in fayil na MKV. Na taɓa rasa ɗaukar awa biyu a MP4 saboda manhajar ta rufe kanta, fayil ɗin ya ƙi buɗuwa. MKV yana riƙe abin da aka riga aka ɗauka, kuma OBS na iya mayar da shi MP4 cikin ɗan lokaci ba tare da sake matsewa ba.

In ka yi duk wannan amma firam na faɗuwa a wuri guda a duk lokacin da ka maimaita, to kaset ɗin ne ya tsufa, siginarsa ke rawa. Maganinsa na'urar daidaita sigina da ake kira TBC, ko ka bi da hoton ta cikin tsohuwar na'urar naɗar DVD, wasu daga cikinsu suna wannan gyaran. Gwada wani kaset mai lafiya na minti goma tukuna, sannan ka turo mana hoton tagar Stats da irin kwamfutarka, sai mu ga wanne ne a ciki.