Maharbi da tarko: yadda muke yi a teburinmu na Kumasi

Assalamu alaikum ƙanena. Ka ce an faɗa maka a Katsina cewa mu 'yan Zango muna barin maharbi ya kwance tarko a wasan Dungeons & Dragons, kai kuma a littafin da ke hannunka aikin ɓarawo ne. Wasa ne na labari da kowa ke riƙe da mutum ɗaya a ciki, kamar maharbi ko ɓarawo, ana jefa ƙwaya irin ta lido don a ga ko abin da ya gwada ya yiwu. Gaskiya aka faɗa maka, amma ba kowane tarko ba.

Littafinka bai yi ƙarya ba. Gary Gygax da Dave Arneson sun fitar da wasan a Amurka a 1974, a 1975 aka ƙara ɓarawo, aka ba shi buɗe kwaɗo da cire tarko. Bugu na 3 da ya fito a 2000 shi ya ƙara tsananta abin: tarkon da wahalar gano shi, wato makin da ake bukata, ta haura 20, ɓarawo kaɗai ke iya gano shi, na sihiri ma shi kaɗai ke iya kwancewa. Sai ka ga mutumin da ke bin sawun damisa a kan fako an ce ba zai lura da igiyar da aka ja a bakin hanya ba. Wannan bai taɓa kwanta mini ba. Pathfinder, wani wasa irinsa, a 2009 ya bar kowa ya nemi tarko da idonsa, bugu na 5 na wasanmu na 2014 kuma ya mayar da kwancewar ga duk wanda ya iya sarrafa kayan ɓarawo. An sassauta, amma har yanzu da idon birni ake kallon tarko.

Mu kuwa labaranmu ba a cikin kogo suke gudana ba. Kakanninmu goro ya kawo su Gwanja, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ne fatake da yawa suka watsu zuwa Kumasi da Ankara da sauran wurare. Saboda haka in muka shimfiɗa tabarma a Aboabo bayan isha'i, ana dafa ataya, ayari muke ginawa: madugu, jagaba, jakuna, mashigin rafi, 'yan fashi a kurmi. Wanda ke gaba yana duba hanya maharbi ne. Ga shi kuma samarinmu ba su cika son a kira su ɓarawo ba ko da wasa, sau da yawa a tashi babu shi a ayarin. To wa zai taɓa tarkon?

Abin da muka tsayar shi ne, tarko na wanda ya san yadda ake ɗana shi ne. Zarge, ramin da aka rufe da ganye, gungumen da aka rataye, kibiyar da aka ɗaura a baka aka ja mata igiya, duk na maharbi ne, da makinsa na sanin daji yake jefa ƙwaya mai fuska 20. Allura mai dafi a cikin kwaɗo, ko dutsen daɓe da ke nutsewa in an taka, maharbi yana iya gani, yana iya kewayewa, yana iya tsokano shi daga nesa da gora, amma ba zai warware shi ba. Na sihiri ko kusa ba ya zuwa, na mai sihirin ayari ne.

Sai sharaɗin da na fi ƙauna: ba a jefa ƙwaya sai mutum ya faɗi abin da hannunsa zai yi. Akwai wani dattijo da ke zama da mu, yana noma a wajen Ejura, ya daɗe yana ɗana wa gyazbi waya saboda ɓarnar masara. Wani dare mai ba da labari, wato mai jan ragamar wasan, ya ce ga ɗan itace a lanƙwashe a gefen hanya, ga igiya ta gangaro cikin ciyawa. Yaron da ke riƙe da maharbi ya ce, “Na zaro wuƙa na yanke.” Dattijon ya ajiye kofinsa ya ce, “Yaro, idonka ka yanke.” Ya tashi ya nuna da hannu: ka tsaya ta gefe, ba ta inda itacen zai miƙe ba, ka danne shi da kafaɗa har igiyar ta saki, ka zare ɗan tsinken da ke riƙe da ita, sannan ka sake shi a hankali. Tun daga ranar, wanda ya yi bayani irin wannan muna rage masa wahala, wani lokacin ma ba jifa. Wanda ya ce “na kwance” kawai, shi da ƙwayarsa. In ya gaza da maki 5 ko fiye, tarkon ya tashi da shi. Wannan daga bugu na 3 muka ɗauko muka riƙe.

Kuma tarko yana da mai shi. Littattafan da na karanta ba su damu da wannan ba, mu kuwa a nan daji ba nisa yake da mu ba, ko a tsakiyar Kumasi akwai kasuwar naman dawa ta Atwemonom. Mun san wanda ya ɗana zarge abincin iyalinsa yake nema, in Musulmi ne ma da asuba zai duba don ya yanka kafin ya zama mushe. Don haka in ayari ya kwance tarkon dabba ya wuce, maharbi ya mayar da shi yadda yake. In ya ƙi, kada ya yi mamaki in mutanen ƙauyen gaba sun hana ayarin ruwa. Tarkon da 'yan fashi suka ɗana wa mutane kuwa a tarwatsa shi.

Ka tambaya ko ba caca ba ce. Ba a sa ko sisi. Akwai dai iyayen da ba sa son ganin ƙwayar lido a gidansu, mu kuma ba ma jayayya da su. A irin wannan gidan sai a rubuta 1 zuwa 20 a 'yan takardu, a zuba a hula a riƙa zarowa.

In akwai mai riƙe da ɓarawo a teburinku, kada ka ƙwace masa aikinsa gaba ɗaya, shi ma zama ya yi don a buƙace shi. Cikin ganuwa nasa ne, da an fita ƙofar gari maharbi ya shige gaba. Inda muka fi yin gardama shi ne tarkon ƙarfe mai haƙora, wanda maƙera ke ƙerawa. Wasu sun ce ƙarfe ne, na ɓarawo ne. Ni na tsaya a kan cewa maharbi ne ke taka bakansa ya buɗe shi ya binne a turbar dabba, kuma a kan haka muke wasa yanzu. Ka gaida mini Inna da mutanen gida.