Tsohuwar kyanwa mai ciwon ƙoda ta faɗo hannuna, yaya zan riƙe ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Dokta. Maƙwabciyata a nan Jidda ta yi khuruj ta koma Kano, ta bar mini kyanwarta mai shekara 13. Ta rame, ba ta ƙoshi da ruwa, fitsari ya yi yawa, wani sa'in kuma ta yi amai da safe. Na kai ta asibitin dabbobi, aka ɗebi jini, aka ce ƙoda ce, mataki na biyu. Surukata ta ce in riƙa ba ta rabin Panadol idan na ga tana jin jiki, in daina wahalar da kaina a kan kyanwar da ta riga ta tsufa. Ni dai ina son riƙe ta, amma ina tsoron kada in cuce ta.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka miki da alheri. Bari in fara da maganar Panadol, don ita ce ba ta jira. Kada ki ba ta, ko kwata ne. Hantar kyanwa ba ta iya narkar da farasitamol yadda tamu take yi, sai ya lalata mata jini har ya kasa ɗaukar iska, dasashinta ya yi duhu, fuska ta kumbura. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Haka Brufen, shi kuma kai tsaye ƙodar yake bugawa. Ki gaya wa Hajiya Babba cikin ladabi, niyyarta mai kyau ce, maganin ne ba na kyanwa ba.

Shekara 13 a wurin kyanwa kamar mutum ne da ya doshi saba'in. Ciwon ƙoda kuwa yana daga cikin abin da ya fi damunsu a wannan shekarun. Zan faɗa miki gaskiya: sashen ƙodar da ya lalace ba ya dawowa. Aikinmu shi ne rage wa sauran nauyi. Likitoci sun kasa ciwon mataki huɗu, kuma na biyu, inda kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa wanda ake aunawa a jini, ke tsakanin 1.6 da 2.8, wuri ne mai kyau na farawa. Kyanwa da yawa a wannan mataki sukan yi shekaru suna ci suna sha suna hawa kujera, in an kula da su.

Yawan shan ruwan nan da kike gani ba kwaɗayi ba ne. Ƙoda mai lafiya tana tace jini ta mayar wa jiki ruwansa, ta fitar da fitsari kaɗan mai kauri. Tata ta kasa riƙewa, ruwan yana zubewa ne kawai, shi ya sa take bin bayansa da sha. Na sha ganin masu rage wa kyanwa ruwa don fitsarin ya ragu, wannan kuskure ne babba, musamman a zafin Jidda, ga na'urar sanyaya ɗaki tana busar da iska dare da rana. Ki ajiye kwano biyu ko uku a wurare daban, masu faɗin baki, nesa da inda take bayan gida, ki sauya ruwan safe da yamma.

Abinci shi ne rabin maganin. Abin da ke ƙara cinye ƙodar shi ne sinadarin fosfaras, wanda ya yi yawa a madara, cuku, hanta, ƙashi da kifin gwangwani. Akwai abincin da aka haɗa musamman don wannan ciwo, irin su Royal Canin Renal da Hill's k/d, asibitocin dabbobi suna sayarwa. Jiƙaƙƙen ya fi busasshen, don ruwa ne mafi yawansa. Sai dai tsohuwar kyanwa ta fi tsohon mutum taurin kai wajen abinci. Kada ki sauya mata rana ɗaya. Ki fara da cokali guda a gefen wanda ta saba, ki riƙa ƙarawa har mako uku ko huɗu, ki ɗan ɗumama shi don ƙamshin ya tashi. Idan ta ƙi ƙememe, gara ta ci tsohon abincinta da ta zauna da yunwa. Kyanwar da ta kwana biyu zuwa uku ba ta ci ba, hantarta na iya shiga matsala. Likita na da garin da ake barbaɗawa a abinci ya kama fosfaras ɗin. Ragowar kabsa, wato dafa-dukan shinkafar Larabawa, da miyar gida kuwa ki kawar da su, albasa da tafarnuwa suna fasa mata ƙwayoyin jini.

Akwai gwaji biyu da ban ji kin ambata ba, kuma zan so ki koma ki nema. Na farko awon hawan jini. Yana tafiya tare da ciwon ƙoda, ba ya nuna alama, sai a wayi gari kyanwa tana karo da bango, idon ya tafi. Idan ya zauna sama da 160 ana ba da ƙwayar amlodifin, ƙanƙanuwa ce, sau ɗaya a rana, kuma likita ne zai yanka mata adadin. Na biyu gwajin T4, na ƙullin maƙogwaro da ke sarrafa ƙonewar abinci a jiki. Idan ya yi aiki fiye da kima, kyanwa takan ci sosai amma tana ramewa, kuma yakan ɓoye ainihin girman ciwon ƙodar. Amai na safe ma yana da magani, ki faɗa wa likitan.

A gida, ki samo mata kaskon yashi mai gajeren baki, don tsofaffin kyanwoyi sukan yi ciwon gaɓɓai su ɓoye. In kin ga ta yi fitsari a gefen kasko, ba rashin kunya ba ne, ƙila tsallakawar ce ke mata zafi. Turaren wuta kuma, na san ba a raba mu da shi, amma ki fitar da ita ɗakin sai hayaƙin ya lafa. Tunda uwar ɗakinta ta tafi, za ta iya yin kwanaki tana ɓuya a ƙarƙashin gado. Ki ƙyale ta, ki kai mata abinci da ruwa kusa, za ta fito da kanta.

Maganar kuɗi ba zan ɓoye miki ba, abincin nan yana da tsada, ga gwajin jini duk wata uku zuwa shida. Ki tambayi asibitin farashi tun yanzu ki yi lissafi da maigida. In abin ya yi nauyi, ki fifita ruwa, abinci da awon jini a kan sauran kayan ƙawa. Idan ciwon ya yi gaba, ana koya wa masu kyanwa yadda ake ƙara mata ruwa ta ƙarƙashin fata a gida, ba abin tsoro ba ne kamar yadda yake a kunne.

Ki riƙa auna ta duk mako biyu: ki hau sikeli da ita, ki sake hawa ke kaɗai, ki rubuta bambancin. Giram 200 a jikin kyanwa mai kilo uku ba ƙaramin abu ba ne. Ranar da ta yini ba ta taɓa abinci ba, ko amai ya maimaitu, ko bakinta ya yi wari irin na fitsari, ko kika ga wuyanta ya lanƙwashe ƙasa ta kasa ɗagawa, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki ɗauke ta ku tafi asibiti.