Amsa: Shin liyafar korona ce ta kori Boris Johnson?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko liyafar lokacin kullen korona ce ta sa Boris Johnson ya sauka daga firaministan Birtaniya. Ita ta fara jijjiga shi, amma ba ita ta kayar da shi ba. A Afrilun 2022 'yan sanda suka ci shi tarar fam 50 saboda karya dokar kullen. Kuɗin ba komai ba ne. Abin da ya ƙona wa mutane rai, ma'aikatan ofishinsa sun yi shagali a daren jajiberin jana'izar Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth, washegari Sarauniya ta zauna ita kaɗai a coci. A Yunin 2022 Johnson ya tsallake ƙuri'ar yankan ƙauna ta jam'iyyarsa, 211 da 148. Sai badaƙalar Chris Pincher ta taso, ɗan majalisar da Johnson ya ba muƙami duk da zargin cin zarafi ta hanyar lalata da ake masa. Ministan kuɗi Rishi Sunak da ministan lafiya Sajid Javid suka ajiye aiki, wasu da dama suka bi su. Ranar 7 ga Yuli ya sanar zai sauka.