Sunan Bagirke, a gutsuttsura shi ake karantawa

Malam, ka tambaya me ya sa sunayen Girkawa suke da tsawo kamar igiyar rijiya, irin su Papadopoulos da Antetokounmpo, ko suna da ma'ana, kuma ko haka na sauran Turawa yake. Na ga wasu sun ce maka ai haruffa ne kawai aka jera. To ba haka ba ne. Na yi shekara huɗu ina karatu a Tasalonika, a arewacin Girka, kuma tsohuwar da na yi haya a gidanta ita ta fara buɗe min ido a kan wannan.

Ranar da na tare, na ga sunan gidan a jikin ƙararrawar ƙofa ya fara da "Hatzi". Da muka saba na ce mata, Baba, wannan ai ya yi kama da Alhaji namu, ko kakanninku Musulmi ne? Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce kalmar ɗaya ce, daga Turkawa suka ara a zamanin Daular Usmaniyya, amma a wurinsu Kirista da ya kai ziyara birnin Ƙudus shi ake kira Hatzi, sai laƙabin ya manne wa zuriyarsa. Ke nan Hatzigeorgiou na nufin gidan Alhaji Georgios. Tun daga ranar na daina tsoron dogon suna, sai in raba shi gida uku: kai, ciki da wutsiya.

Kan sunan yakan faɗi ko wane ne kakan. "Papa" limamin coci ne, kuma da yake a ɗariƙar Otodoks mai aure yana iya zama limami, 'ya'yan limamai sun cika ƙasar. Shi ya sa Papadopoulos, wato ɗan liman, ya fi kowane sunan dangi yawa a can. "Kara" baƙi ne da Turkanci, "Mastro" kuma gwanin sana'ar hannu.

Wutsiyar ce ta fi burge ni, domin ita ke tona asalin mutum. Idan ka ji "poulos", yawanci daga yankin Feloponis ne a kudu, ma'anarsa ɗan wane. "Akis" na mutanen tsibirin Kirit ne, kalmar ƙanƙantawa ce kamar mu ce ɗan ƙaramin wane. Dubi Mitsotakis da ya zama firaminista a 2019, danginsa 'yan Kirit ne. "Idis" ya fi yawa a cikin waɗanda kakanninsu suka zauna a gaɓar Baƙin Teku, "oglou" kuma Turkanci ne tsantsa, shi ma ɗan wane. Waɗannan biyun sun cika Tasalonika saboda musayar jama'a da aka yi a 1923, lokacin da Kiristoci fiye da miliyan ɗaya daga ƙasar Turkiyya ta yau suka ƙaura zuwa Girka, Musulmin Girka kuma aka kai su Turkiyya. Mai gidan namu in ta ji sunan baƙo, kafin ya zauna ta riga ta ce masa, "Ku 'yan gudun hijira ne, ko?" Da wuya ta kuskure. Mace kuma wutsiyarta daban: 'yar Papadopoulos ita ce Papadopoulou, wato ta gidan wane.

Sunan yanka kuwa, a nan muka yi kama da su ƙwarai. Ɗan fari namiji sunan kakansa na wajen uba yake ci. Gidan Papandreou misali ne mai kyau: Georgios ya yi firaminista, ɗansa Andreas ya hau a 1981, jikansa Georgios ya hau a 2009, kuma shi kansa sunan gidan yana nufin na liman Andreas. Bambancin shi ne mu mukan sakaya, mu ce Abba ko Ummi don kunya, su kuwa gatsau suke kira. An taɓa gayyata ta cin abincin Ista a ƙauye, wata mata ta leƙo daga kicin ta ƙwala "Yorgo!", wato Georgios, maza uku da yaro ɗaya suka waiwaya. Kuma ranar waliyyin da ka ci sunansa ta fi ranar haihuwarka daraja a wurin tsofaffi. Ranar 26 ga Oktoba duk wani Dimitris shi ke raba alewa da kek, ana ce masa "hronia pola", wato shekaru masu yawa. Na ci kek a wannan rana har na gaji, domin Dimitrios shi ne waliyyin birnin.

Ma'anonin ba wani abin mamaki ba ne in ka fassara. Georgios manomi. Filippos mai son dawaki. Nikolaos nasarar jama'a. Sofiya hikima. Theodoros kyautar Allah, ka ga ai Kyauta ke nan, in ka juya shi ya zama Dorothy. Alexandros mai kare mutane, shi ne Larabawa suka mayar Iskandar, har birnin Iskandariya a Masar. Ba ma sai ka je Turai ba: Bitrus ɗin unguwarku Petros ne, dutse, Istifanus kambi, Filibus kuma mai son dawakin nan ne. Dattawan Kano da suka san kantin Leventis, sunan dangin wani mutumin tsibirin Kubrus ne, kalmar tana nufin saurayi jarumi mai kyan tsayi.

Sauran Turai ba sai na ja ba, hanya ɗaya ce. Ko sunan uba: Johnson, Hansen, Fernandez, MacDonald, Ivanov. Ko sana'a: Smith a Ingila, Schmidt a Jamus, Kowalski a Folan, Ferrari a Italiya, duk daga maƙeri suka fito. Ferrari, motar da matasa ke mafarki ke nan, sunan gidan maƙera. Ko gari, kamar da Vinci, wato na garin Vinci, yadda muke da Aminu Kano da Shehu Shagari.

Shi kuwa Antetokounmpo da ka ambata, wato Giannis ɗan wasan ƙwallon kwando, kada ka wahalar da kanka, ba Girkanci ba ne. Adetokunbo ne na Yarabawa. Iyayensa 'yan Najeriya ne, an haife shi a Atina a 1994. Girkancin yau ba shi da harafi guda na sautin "d" da "b", sai su haɗa "nt" da "mp", da aka mayar da shi haruffan boko a fasfo sai ya fito haka. Giannis ɗin ne nasu, shi ne John, shi ne Yohanna. Ni ma ban tsira ba. Sunana Bashir, ga "b" a gaba, ga "sh" da ba su da shi sam, sai na ga an rubuta Mpasir a katin ɗakin karatu. Mai gidan namu ko wannan ba ta yarda da shi ba, Vasili take kirana har na bar ƙasar, wai ma'anarsa basarake, kuma duk 1 ga Janairu sai ta yanko min kek ta ce ranar sunana ce.