Amsoshin Tambayoyinku: Katin Ɗaurin Aure, Littafin Bashi da Takardar Alaramma

Da zarar kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, tambayoyin da ke zuwa wannan fili sukan karkata ga sha'anin biki da lissafin kuɗi. A wannan makon na ware waɗanda suka shafi takarda.

Tambaya ta farko daga wani magidanci ce a wani ƙauye da ke yankin Ringim. Zai aurar da 'yarsa ta fari, yana son katin gayyata ɗari uku, an kuma nuna masa samfuri biyu: ɗaya mai ƙyalli da ruwan zinariya da hoton furanni, ɗaya fari sol mai rubutu baƙi da ɗan zane a gefe. Yana tambaya wanne ya kamata ya zaɓa, kuma a shagon kwamfuta na garinsu zai buga ko sai ya shiga Kano.

Alhaji, Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Kafin ku duba ado, ku riƙe katin ta kusurwa ɗaya da yatsu biyu. Idan ya tsaya a miƙe kwali ne na ƙwarai, idan kuwa ya langwaɓe to takarda ce kawai aka yi wa kwalliya. Masu maɗaba'a suna auna takarda da giram, wato nauyin murabba'in mita ɗaya nata. Takardar da ake zuba wa na'urar kwafi giram 70 ce ko 80, katin da zai shiga aljihun babbar riga ya yi tafiya a kan babur har ya isa hannun mai shi bai lanƙwashe ba kuwa yana bukatar giram 250 zuwa 300. Ku tambayi wannan adadi da bakinku, domin mai bugu yakan ƙara kula da aikin mutumin da ya ga ya san abin da yake nema.

Game da girma, ku tsaya a kan A5 ko A6. Fallen A4 guda yana ba da A5 biyu ko A6 huɗu ba tare da an zubar da ko ƙyalle ba, kuma ambulan ɗinsu a shirye yake a kasuwa, C5 na babban, C6 na ƙaramin. Katin da aka yanka da wata siffa ta daban yana barin ragowar kwali a ƙasan injin yanka, ku ne kuma za ku biya kuɗin wannan ragowar, sannan ku zo kuna neman ambulan da zai shige shi.

Batun inda za a buga ya danganta ne da irin na'urar. Ƙaramar firinta mai feshin tawada, wadda ta fi yawa a shagunan ƙauye, galibin tawadarta ruwa yana narkar da ita. Na ga wannan da idona lokacin auren ƙanena. An kawo katunan da yamma suna sheƙi, muka ba wani yaro ya kai wa dangi a ƙauyen gaba, yayyafi ya same shi a hanya, da ya isa sunan ango ya zama shuɗin tabo, ranar ɗaurin auren kuma ta gangaro har gindin katin. Sai da aka bi gida gida ana faɗa da baki. Firinta mai garin hoda, wadda zafi ke manna rubutunta a jikin takarda, ba ta da wannan matsala, haka ma babban injin maɗaba'a. Sai dai babban injin yana bukatar a yi masa farantin bugu tukuna, kuma kuɗin farantin ɗaya ne ko kati ɗari za a buga ko dubu, saboda haka ribarsa tana fitowa ne idan adadin ya yi yawa. A kati ɗari uku, idan aka haɗa da kuɗin motar zuwa Kano da dawowa sau biyu, ina ganin firinta mai hoda a Ringim ko Dutse ta wadatar. Gwajin ba wuya: ku jiƙa yatsa ku goga a kan samfurin a gaban mai shagon.

Abin da ya fi damuna a katunanmu shi ne rubutun kansa. Yawancin salon rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke cikin kwamfuta ba a yi shi da haruffanmu masu ƙugiya ba, wato ɓ da ɗ da ƙ, shi ya sa za ka ga an rubuta ɗaurin aure da d maras ƙugiya, ko kuma harafin ya fito shi kaɗai da wata siffa daban kamar baƙo a cikin sahu. Ku ce a nuna muku kalmar a salon da aka zaɓa, idan ƙugiyar ba ta fito daidai ba a sauya salon. Ku kuma karɓi bugun gwaji guda ɗaya ku kai gida, mutum biyu su karanta shi da ƙarfi, musamman sunayen iyaye da waliyyai, domin kuskure a sunan dattijo yakan daɗe ana tuna shi bayan an manta da abincin walima. Wajen kwanan wata, ku rubuta sunan ranar da kwanan watan boko a fili. Na Hijira yana iya gusawa da kwana ɗaya idan sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi ta saɓa da kalandar bango, kati kuwa an riga an raba shi.

Akwai kuma abin da malamanmu suka sha yin nasiha a kai: kada a buga ayar Alƙur'ani a jikin katin. Kowa ya san makomar katin biki bayan mako biyu, ko a tsakar gida cikin shara ko a hannun yara. Sallama da addu'ar Allah ya ba da ikon halarta da Hausa sun isa.

Zaɓina a cikin samfuran biyu shi ne farin. Kwali mai ƙyalli ba ya karɓar biro da kyau, ga shi kuwa za ku so ku rubuta sunan wanda kuke gayyata da hannu, kuma dattijon da idonsa ya fara rauni zai fi karanta baƙi a kan fari fiye da ruwan zinariya a kan furanni. Kuɗin da ya ragu ku ƙara a goro da alawar gayyata, tun da a ƙauye su ne ke isa ɗakunan da kati ba ya shiga.

Tambaya ta biyu daga wata uwar adashi ce a yankin Wudil, wadda kuma take sayar da kayan miya da man gyaɗa a gida. Ta ce littafinta na bashi da na zubi ba ya kai wata huɗu sai tsakiyarsa ta zare, kuma rasit ɗin POS da take ajiyewa shaida duk sun koma farare.

Hajiya, littafin makaranta mai falle 40 ko 60 ƙarfe biyu ne kawai ke riƙe da shi a tsakiya. An yi shi ne don zangon karatu ɗaya, ɗanshin damina kuma yana sa ƙarfen tsatsa har ya ci takardar da ke kewaye da shi. Ku nemi mai bangon kwali wanda aka ɗinke da zare. Idan kun buɗe shi a tsakiyar kowane ƙulli za ku ga zaren a kwance, kuma littafin zai buɗe ya kwanta a kan tabarma ba sai an danne shi ba. Wanda aka haɗa da gam kaɗai yakan fara zubar da fallaye idan zafin bazara ya busar da gam ɗin. Ku ɗaga falle ɗaya ku rubuta a kusurwarsa da biron da kuke aiki da shi, ku juya bayansa. Idan rubutun ya huda ya fito, rabin littafin kuka saya, tun da shafi ɗaya kawai za ku iya amfani da shi a kowane falle. Ranar da kuka kawo shi gida ku sa wa kowane shafi lamba daga farko har ƙarshe, domin a harkar adashi wannan lambar ce za ta kare ku ranar da wata ta ce an yage shafinta. Biro na gargajiya mai tawada mai maiƙo ya fi dacewa da hannun da ke taɓa ruwa da mai, mai tawada mai ruwa-ruwa ya fi daɗin rubutu amma yana shafewa.

Rasit ɗin POS kuwa ba tawada ce a jikinsa ba. Takardar tana da wani sinadari da ke yin baƙi idan zafi ya taɓa shi, shi ya sa rana da zafi da maiƙo suke goge rubutun. Ku kwafe lambar cinikin da adadin kuɗin da kwanan wata a cikin littafin a ranar, ko a ɗauki hotonsa da waya.

Wani ɗalibi daga Gumel ya tambaya ko ya kai takardar shaidar kammala sakandarensa a yi mata laminatin. Kada ka yi, ɗana. Ledar tana mannewa da zafi, ba ta ɓantaruwa ba tare da ta ɗauko fuskar takardar ba, kuma tana danne hatimin da ake shafawa a tabbatar da sahihancinta. Ka yi wa kwafinta laminatin, ita kuma ta asali ka zura ta cikin leda mai buɗaɗɗen baki, ka ajiye a adakar ƙarfe da aka ɗora a kan wani abu, nesa da bango saboda gara.

Ta ƙarshe daga wani alaramma ce mai tsangaya a yankin Haɗeja, wanda ya ƙudiri rubuta izu sittin da ka, yana tambayar takardar da zai saya.

Allah ya gafarta Malam, Allah ya ba da ikon kammalawa. Tsofaffin Alƙur'anan da muke gani a gidajen malamai, waɗanda suka haura shekara ɗari a cikin tadarishi da gafaka, da yawansu an rubuta su ne a takardar da aka yi a arewacin Italiya, wadda fatake suka riƙa ketowa da ita Sahara ta Tarabulus har zuwa kasuwar Kurmi. Idan aka ɗaga fallenta ga hasken rana ana ganin tambarin jinjirin wata uku a jere a cikin jikinta. Takardar wancan zamani da tsummokin auduga da lilin ake yin mafi kyawunta, shi ya sa ta jure. Ta yanzu daga itace ake yin ta, kuma wadda ba a tace sosai ba, irin ta jarida, tana yin ja ta riƙa karyewa cikin 'yan shekaru. Masana'antun takarda na ƙasar nan da aka kafa a Jebba da Oku Iboku da Iwopin ba su iya wadatar da kasuwa ba, saboda haka farar takardar rubutu daga waje take zuwa, farashinta kuma yana bin dala.

Ku nemi maras ƙyalli mai giram 100 zuwa 120, mai launin madara idan an samu, domin fari tas yana gajiyar da ido, sannan ja na wasulla da rawaya na hamza sun fi zama da kyau a kan mai ɗan duhu. Idan an rubuta a jikin ƙunshin cewa ba ta da asid, ita ce kan gaba. Kada ku sayi rim sai kun gwada falle guda da alƙalaminku da tawadarku ta yambari: ku ja baƙi mai kauri, ku bar shi ya bushe, ku duba ko gefensa ya yi saiwa ko ya ratsa zuwa baya. Idan kuna shakkar nauyin da aka rubuta, ku ɗora ƙunshin a sikeli. Rim na A4 falle 500 ne, mai giram 80 yana kai kilo biyu da rabi, mai giram 100 kuma ya ɗan haura kilo uku. Ku kuma sayi duk abin da aikin zai ci a lokaci guda daga kwali ɗaya, har da rarar da za ta maye gurbin fallayen da za a sake, domin launin takarda yakan bambanta daga wannan kaya zuwa wancan, kuma bambancin zai fito fili ranar da aka jera izu na farko kusa da na sittin.