Katin zamana na Italiya ya ɓata a Kano, yaya zan koma?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekarata biyar ina aiki a wata masana'anta a Brescia, na zo gida ta'aziyyar mahaifiyata, sai jakar da katin izinin zamana yake ciki ta ɓace a adaidaita sahu. Fasfona yana nan, kuma ina da hoton katin a waya. Zan iya hawa jirgi da su?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Hajiya, ya ba ku haƙuri. Kada ka sayi tikiti tukuna, domin ma'aikatan jirgi ba sa karɓar hoton waya a madadin katin da Italiyawa ke kira permesso di soggiorno, kuma tun a teburin auna kaya za a mayar da kai, ga asarar kuɗi ga ɓacin rai.

Dokar Italiya ta 1999 mai lamba 394 ta tanadi bizar komawa, wato visto di reingresso, ga wanda katinsa ya ɓata ko aka sace a ƙasar waje. Ka fara zuwa ofishin 'yan sanda ka ba da rahoto a rubuta maka takarda, domin da ita za ka haɗa buƙatarka zuwa ofishin jakadancin Italiya da ke Abuja ko ƙaramin ofishinsu na Legas. Ba za su ba da bizar ba sai sun tuntuɓi Questura, hedikwatar 'yan sandan da ta ba ka izinin, ta tabbatar cewa izinin naka yana nan daram. A nan ne hoton wayarka zai yi rana, saboda lambar katin da ranar ƙarewarsa suna jiki. Ka buga shi a takarda, ka haɗa da takardun albashinka.

Abin da ya fi damuna shi ne jinkiri. Wanda ya shafe fiye da wata shida a jere a wajen Italiya yana iya rasa damar sabunta izininsa, in kuma izinin na shekara biyu ne ko fiye, iyakar ita ce rabin wa'adinsa, sai dai in akwai babban uzuri da hujja a hannu. Saboda haka kada ka jira a yi sadakar arba'in kafin ka fara, kuma ka sanar da mai gidanka a rubuce yau ɗin nan. Idan ka sauka Brescia, sai ka nemi sabon kati ta gidan waya.