'Yar tsanar da na saƙa ta ƙi yin kama da mai ita

Tambaya: Salam Anti. Na iya saƙar kwarashi, hula da safar jarirai duk ina yi. Ƙanwata ce ta turo min hoton mijinta wai in saƙa mata 'yar tsana mai kama da shi, na yi amma fuskar ta fito kamar ta jariri, audugar ciki tana leƙowa, kan kuma sai langaɓewa yake. Ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikissalam 'yar uwa. Fuskar jariri da kika gani daga samfurin da kika bi ne. Wannan salon da Japan aka san shi, amigurumi, kuma da gangan ake yi wa tsanar ƙaton kai a sa ido can ƙasa nesa da juna don ta yi kyau irin na yara. To ke magidanci kike so, sai ki rage girman kan, ki ɗaga idon zuwa tsakiyar fuska, ki matso da su, ki sa ƙanana kamar mai milimita 6.

Amma gaskiya kama da mutum ba a fuska take ba, zare ba zai taɓa fitar miki da hancin mutum da kumatunsa ba ko kin kwana kina warwarewa. Ki zauna da hoton ki tambayi kanki, in an hango shi daga nesa da me ake gane shi? Gemu ne ko saje, tabarau, furfura, ko yadda yake karya hula? Ki ɗauki biyu ko uku ki ɗan zuzuta su. Gemu da zaren ulu na roba ake yi, ki ɗaura shi sili-sili ki taje da burushi ya yi buzu-buzu sannan ki daidaita da almakashi, zaren auduga baya tashi haka. Tabarau kuma siririyar waya ce a lanƙwasa. Riga kam kar ki wahalar da kanki da saƙa, ki ce ƙanwarki ta samo ƙyallen shaddarsa a wajen tela ki ɗinka 'yar kaftani, wallahi wannan kaɗai ya isa 'yan gida su fashe da dariya suna ga Baban wane. Shi ya sa ma masu cewa kar a sa ido da baki saboda addini tasu tana fitowa da kama tsaf.

Launin fata kuma ki nemi hoton da aka ɗauka a waje da rana, na cikin ɗaki ƙarya yake yi, zaren ma a hasken rana za ki zaɓa.

Audugar da ke leƙowa kwarashinki ne ya yi girma. In na hula kike amfani da shi mai milimita 4, koma 2.5 ki riƙa matse hannu. Kan tsanar ana fara shi da saƙa 6 a zagaye, sai 12, 18, 24, ana ƙara 6 duk zagaye, wajen ragewa kuma ki ɗauki madaukin gaba kawai na saƙa biyu ki haɗe, rami baya fitowa. Don kan ya daina langaɓewa, wuya kar ya gaza saƙa 12, ki danƙara masa auduga sosai, ko ki naɗe ƙyalle ya yi tauri ki zura daga ƙirji har cikin kai.

In akwai yaro ɗan ƙasa da shekara 3 a gidan, ki bar idon roba da waya, ki yi su da zare da allura. Kuma dai a tabbatar shi mijin ya san da zancen, ba kowa ke son ganin kansa a kan kantar ɗaki ba.